Sauya Wayarin Ɗin Tsohuwar Mota: Yaushe Ya Wajaba, Yaushe Asara Ce?

Duk ranar kasuwa, hanyoyin da suka shigo Talata Mafara daga Bakura da Maradun kan cika da motocin da da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Ga Fijo a-kori-kura ɗauke da buhunan albasa, ga Golf an danna mata fasinja gaba da baya, ga Kanta ta ɗebo shinkafa daga gonakin Bakolori, can baya kuma J5 na tafe tana numfarfashi. An sauke injinan motocin nan an mayar ba sau ɗaya ba, an sauya giya, an yi wa bodi walda. Abu guda da kusan ba a taɓa sauyawa ba shi ne wayoyin lantarkin da suka zo da su daga kamfani, sai dai faci a kan faci.

Sai ranar da hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari, ko batir ya riƙa kwana cike yana tashi fanko, sannan gardama kan ɓarke a gareji. Wani ya ce a zare wayarin gaba ɗaya a saƙa sabo. Wani ya ce duk motar da aka taɓa mata wayarin ɗin asali ta gama yawo. Na uku ya ce a aika Kano a sayo na Beljiyam. Mai mota, wanda galibi bai san abin da ke cikin damin wayoyin ba, sai ya bi wanda ya fi iya baki ko wanda kuɗinsa ya fi sauƙi. Kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan yana da motar da ya dace da ita, yana kuma da wadda zai kassara idan aka bi shi ido rufe.

Me ake nufi da wayarin?

Wayarin kalmar aro ce da ta zauna a bakin makanikai, tana nufin dukkan wayoyin da ke kai wutar batir zuwa sassan mota. A kamfani ake jera su, a naɗe su dami guda da salatif, wato tef ɗin roba mai hana wuta tsallakawa. Damin kan yi rassa: wani ya nufi injin, wani ya shige bayan allon gaban direba, wani ya bi ƙasan kujeru har fitilun baya. Wannan dami da rassansa da kawunan da ke bakinsa shi ake nufi idan an ce za a sauya wayarin. Mai sana'ar shi ne mai wayarin, wanda a wasu gareji ake ce wa rewaya.

Akwai 'yan kalmomin da mai mota ya kamata ya riƙe. Soket shi ne kan roba da ke haɗa reshe da reshe ko waya da na'ura. Altaneta ita ce ke cajin batir idan injin na aiki. Kik shi ne ke juya injin a lokacin tayarwa. Rile ƙaramin akwati ne da ke karɓar umarni daga makunni ta siririyar waya, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya, don kada nauyin ya bi ta makunnin. Fiyus kuwa ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi domin ya ƙone da gangan idan wuta ta wuce kima, ya yanke hanya kafin waya ta ɗau zafi. Shot shi ne wayar da ke ɗauke da wuta ta goge ta taɓa ƙarfen mota ko wata waya.

Ma'auni uku ake amfani da su. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta: ƙananan motoci 12 suke amfani da shi, manyan motocin dakon kaya galibi 24. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana a cikin waya. Wat kuma shi ne cin da ƙwan fitila ko fanka ke yi. Manomin rani a Bakolori ya san babbar hanyar ruwa ita ke ɗaukar ruwan gonaki masu yawa, ƙaramar magudana kuwa ta gona ɗaya ce, idan aka tura mata ruwan babba sai ta fashe. Haka kaurin waya yake da amfiya.

Saura abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: wuta sai ta koma batir sannan abu ke aiki, kuma a mota ba a ja mata wayar komawa daban. Ƙarfen motar kansa shi ne hanyar komawa. Shi ya sa ake ɗaure kan batir mai alamar ragewa a jikin bodi da jikin injin, kowace fitila kuma tana da 'yar wayar da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe. Waɗannan mahaɗan bodi su ne tushen rikici mai yawa da ake ɗora wa wayarin laifinsa.

Yadda tsofaffin motoci suka zama jarin yankin

A Turai da Amurka, gyaran tsohuwar mota abin sha'awa ne na masu hali. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su saƙa sabon wayarin daidai da na asali, har launi da tsawo, su aika wa mai mota a kwali. A Mafara tsohuwar mota jari ce da ake ci da ita, kuma babu kamfanin da ke jiran odar mai Fijo daga Bakura.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968. Kamfanin PAN da ke Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan an daina ƙera ta a Turai. A daidai lokacin da Kaduna ta fara fitar da mota ne ake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya kammala a 1978. Noman ranin da ya biyo baya a Talata Mafara da Bakura da Maradun ya haifar da buƙatar motar da za ta shiga gona ta fito da shinkafa da albasa da tumatir da dankali, ta kai su Gusau ko Sakkwato. A-kori-kura ta amsa wannan kira. Daga baya, da darajar naira ta karye sabuwar mota ta gagari talaka, sai motocin kwatano suka cika tasha: Golf 2 da aka daina ƙerawa a farkon shekarun 1990, Golf 3 da ta gaje ta, J5, da ire-irensu.

Ke nan Fijo 504 mafi ƙuruciya a hanya yau ta kai kimanin shekara 20, Golf 3 kuwa tana neman 30. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya sun ƙara nisanta mai tsohuwar mota da sayen wata. Dole ya riƙe wadda ke hannunsa, wayoyinta kuwa suna ci gaba da tsufa.

Abin da ke kashe waya

Jan ƙarfen da ke cikin waya ba ya tsufa da wuri. Rigar robar da ke kansa ce ke mutuwa. An haɗa ta da sinadarin da ke sa ta laushi, zafi kuma yana korar wannan sinadari a hankali. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, a ƙara da zafin injin da na salansa, roba kan bushe ta yi tauri, a lanƙwasa ta ta tsage. Baƙin mai da ke ɗiga a kanta yana kumbura ta. Girgizar hanyar gona tana goga dami a bakin ramin da ya ratsa ƙarfe, musamman idan zoben robar da ke kare ramin ya faɗi. Ƙurar hunturu ta shige soket, ruwan damina ko na wanki ya same ta, sai kore-koren tsatsa ya fito a kan haƙoran. Motar da ke dakon hatsi kuma tana kwana kusa da rumbu ba ta rasa ɓera, shi kuwa ɓera ba ya ƙyale waya.

Duk wannan tsufa ne na halitta, kuma a hankali yake tafiya. Abin da ke gaggauta mutuwar wayarin hannun mutum ne.

A ɗauki misalin fitilar gaba. Ƙwan da kamfani ya tsara yana cin wat 55 ko 60, wato kusan amfiya 5 kowanne. Direban da ke tafiyar dare ya ga hasken bai ishe shi ba, sai ya sa ƙwai mai wat 100. Kowanne yanzu yana jan fiye da amfiya 8, biyun sun doshi 17, a kan waya da makunnin da aka yi domin kusan rabin haka. Fiyus ya ƙone, kamar yadda aka yi shi ya yi. A bakin hanya, da dare, babu mai neman dalili. Sai a naɗa silin waya a gurbinsa, ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, mota ta tashi, kowa ya ce alhamdu lillahi. Daga wannan dare wayar ce ta koma fiyus. Tana ɗumi a cikin dami, robarta na narkewa tana mannewa da ta maƙwabciyarta, har ranar da direba zai taka birki hon ya yi ƙara, ko ya kunna sigina fitilar baya ta riƙa ƙiftawa tare da ita.

Haka ake yi da babban hon, da rediyo mai amsa-kuwwa, da cajar waya, da fankar lagireto da ake haɗawa kai tsaye don ta riƙa juyawa ba tsayawa. Kowanne an feɗe wata waya an laƙa shi, an murɗa da hannu, an naɗe da salatif ɗin da zafi zai warware kafin damina. Wasu ma da wayar gida ake yi musu facin, mai ƙarfe ɗaya sandararre a ciki. Wayar gida an yi ta ne ta kwanta a bango ba motsi. A mota girgiza na karya ta a cikin riga, ido bai gani, sai a yi ta neman matsalar da ke zuwa tana tafiya. Mai walda da bai cire kan batir ba kafin ya kama aiki shi ma yana da nasa kason.

Akwai kuma laifin da ya taho tun daga kamfani. Motocin Marsandi da aka ƙera daga farkon shekarun 1990 zuwa tsakiyarsu, ciki har da wasu daga cikin waɗanda ake kira Bi-but da C180 na farko, an yi wa wayoyin injinsu riga da wata roba da ke ruɓewa da kanta. Idan aka buɗe damin sai a ga rigar na zuba kamar gari, jan ƙarfe tsirara yana kwance kusa da ɗan'uwansa. A irin wannan mota babu faci da zai yi amfani, kuma babu laifin mai mota ko na makanike.

Launin waya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa

Wani tushen ruɗani shi ne zaton cewa launi ɗaya aiki ɗaya yake yi a kowace mota. A motocin Jamus irin su Golf da Marsandi, waya mai ruwan ƙasa ita ce ta bodi, wato ta komawar wuta. A tsofaffin motocin Ingila irin su Land Rover, waya mai ruwan ƙasa ita ce ke ɗauke da wutar batir kai tsaye, ko an kashe mota, kuma ba fiyus a gabanta. Ta bodi baƙa ce. Yaron da ya koyi aiki a kan Golf, idan ya ɗaure ruwan ƙasar Land Rover a jikin ƙarfe, ya haɗa gobara da hannunsa. A Toyota kuwa ta bodi fara ce mai ratsin baƙi. Fijo ta fi dogara da lambobin da ake bugawa a jikin waya, waɗanda mai da ƙura kan shafe bayan shekaru.

Jamusawa sun kuma sa wa kawunan haɗi lambobi, kuma duk wanda ya juya rile zai gan su a ƙasansa. Lamba 30 wutar batir ce kai tsaye, 15 wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, 31 bodi, 50 umarnin kik. A jikin rile, 85 da 86 su ne na umarni, 30 da 87 na babbar wuta. Fiyus ma launinsa na faɗin ƙarfinsa: a cikin masu ƙafa biyu da aka fi gani yanzu, ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Mai mota da ya buɗe akwatin fiyus ya ga kore a kowane gurbi, ya san an daɗe ana rufe baki ga matsala.

Mazhabobi uku a gareji

Masu cewa a yi faci suna da hujja mai ƙarfi, kuma sau da yawa su ne da gaskiya. Yawancin cutar lantarki a bakin waya take: soket mai tsatsa, notin bodi da ya saki, kan batir da ya yi fari, makunnin makulli da ya cinye. Wayar da ke tsakiyar dami, inda rana da mai ba sa kaiwa, takan yi shekaru 40 lafiya lau. Zare ta asara ce, kuma duk zarewa tana zuwa da haɗarin kuskure. Inda masu faci ke ɓata aikinsu shi ne irin facin. Wanda ya tsallake matsala da sabuwar waya daga batir zuwa fitila, ba fiyus ba rile, ya bar tsohuwar tana ɗauke da wuta a cikin dami, bai gyara komai ba.

Masu cewa a sayo na Beljiyam, wato damin da aka ciro daga motar da aka yanka a ƙasar waje, ana samunsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, suna kafa hujja da cewa aikin kamfani ne: kauri daidai, soket daidai, launi daidai. Haka ne, kuma damin da ya yi rayuwarsa a ƙasar sanyi bai sha zafin da na nan ya sha ba. Sai dai shekarunsa ɗaya da wanda za a cire. Ana kuma yawan yanke shi da almakashi wajen cirowa, kuma mota iri ɗaya takan zo da wayarin daban-daban gwargwadon shekara da injin da ƙasar da aka yi wa ita. Damin motar Ingila mai sitiyari a dama ba zai zauna a motar da ke da shi a hagu ba sai an yi masa ƙari. Na Marsandin da aka ambata kuwa, idan daga shekarun nan ya fito, cutar na jikinsa.

Masu cewa a saƙa sabo da hannu su ne aka fi jin tsoronsu, saboda kowa ya san motar da aka yi wa haka ta lalace. Amma saƙa da hannu ba baƙon abu ba ne, domin har a manyan kamfanoni galibin aikin damin wayoyi da hannu ake yin sa a kan allo. Shi ya sa a 2022, da yaƙi ya tsayar da masana'antun saƙa wayarin a Yukiren, sai da kamfanonin Volkswagen da BMW suka dakatar da wasu layukan ƙera mota a Jamus. Abin da ke lalata aikin hannu a nan kaya ne da rashin tsari. Kasuwa ta cika da wayar da cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Alminiyam bai wuce kashi 60 cikin 100 da ɗan ɗoriya na abin da jan ƙarfe ke ɗauka ba, yana kuma saurin karyewa. Ganewa ba wuya: a kankare silin da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki, jabu ce. Wata kuma rigarta ce mai kauri, silin ciki 'yan ƙalilan. Araha ba ta ado. Sannan mai wayarin da ya sayo nadi ɗaya na jar waya ya yi wa mota gaba ɗaya da ita ya bar wa duk wanda zai taɓa motar bayansa aikin duba.

Abin da ke raba gardamar shi ne irin motar. Mota mai kabureta, irin 504 da tsohuwar Land Rover da galibin Golf 2, wayarin ɗinta ɗan kaɗan ne: caji, kik, kwayil, fitilu, hon, abin share gilashi, da agogunan gaban direba. Ƙwararre zai iya saƙa mata sabo da ya fi na asali, tunda zai ƙara rile da fiyus inda kamfani bai sa ba. A irin wannan mota, idan wayarin ya mutu, sabon saƙi da jan ƙarfe na gaske ya fi na Beljiyam. Mota mai ƙwaƙwalwa kuwa, wato akwatin kwamfuta da ke auna mai da wuta, lamarinta daban ne. Wayoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da na'urorin auna injin suna ɗauke da saƙo mai rauni, wasu an yi musu rigar ƙarfe, wasu an murɗa su bibbiyu da gangan. Ƙaramin kuskure kan sa mota shan mai ko ya ƙone ƙwaƙwalwar. A nan damin injin na asali mai lamba daidai da na motar shi ne mafita. Al'adar cire ƙwaƙwalwar Golf 3 a mayar da ita kabureta, wadda ta yaɗu a gareji, sau tari gudun wannan wahala ce ta haife ta, kuma takan bar rassan wayoyi a yanke suna lilo da wuta a jikinsu.

Alamomin da za a duba kafin a yanke hukunci

Ba a yanke hukunci da ido kawai, ba kuma da ɗan ƙwan gwaji kaɗai ba. Mita ake sawa. Idan injin na aiki, batir ya nuna kimanin bolt 14. Idan ya nuna haka amma a bakin fitila an sami ƙasa da 12, wuta na ɓacewa a hanya. A auna tsakanin kan batir mai alamar ragewa da jikin injin a lokacin da ake kik: abin da ya wuce rabin bolt na nuna mahaɗar bodi ce ba ta da kyau, kuma gyaranta goge ƙarfe ne da ɗaure noti. Mota da yawa da aka yanke wa hukuncin sabon wayarin wannan ne kawai ciwonta.

Daga nan a warware salatif a wurare uku ko huɗu: kusa da injin, bayan akwatin fiyus, da inda dami ya ratsa ƙarfe. A lanƙwasa waya. Idan ta lanƙwasu ba ta tsage ba, tana da sauran rai. Idan reshen injin ne kaɗai ya bushe, shi kaɗai za a sauya. Idan kuwa aka tarar wayoyi sun narke sun manne da juna a tsakiyar dami, ko roba na tsagewa ko'ina aka taɓa, ko an feɗe silin an ga ya yi baƙi har can ciki, ko faci ya yi yawan da babu mai iya cewa wace waya ce ta ina, to an wuce gyara. Motar da ta taɓa kamawa da wuta a bayan allon direba ma haka.

Yadda aikin kirki yake

Wanda ya san aikinsa ba ya fara da almakashi. Yakan cire kan batir mai alamar ragewa tukuna, ya ɗauki hoton kowane soket da wayar hannu, ya laƙa wa kowane reshe takarda da suna. Ya zaro tsohon damin ɗungurungum, ya shimfiɗa shi a kan allon katako, ya kafa ƙusoshi a kowace mararraba, sannan ya bi shi waya bayan waya yana auna tsawo da kauri. Tsohon dami shi ne taswirar da ta fi kowace, wanda ya daddatsa shi wajen cirewa ya jefar da ita.

Kowace hanya da kaurinta: siririya ga fitilun gaban direba, mai kauri ga fitilar gaba da fanka, wadda ta fi ga altaneta, ta kik kuwa kamar yatsa, domin kik kan ja fiye da amfiya 100. Kowace hanya da fiyus ɗinta, kuma ƙarfin fiyus ya kasance ƙasa da abin da wayar ke iya ɗauka. A sa shi kusa da inda wuta ta taso, saboda duk tsawon da ke gabansa ba shi da mai tsaro. Haɗi a matse shi da kan ƙarfe ko a yi masa dalma, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. A nisanta dami da salansa, a mayar da zoben roba a kowane rami. Ranar gwaji, kafin a ɗaure batir sosai, a sa ƙaramin fiyus ko ƙwan fitila a tsakani, ta yadda kuskure zai tsaya a kan fiyus. Wannan aiki na kwanaki ne. Wanda ya yi alkawarin gamawa kafin la'asar wani abu zai tsallake.

Abin da ke biyo baya

Idan an yi daidai, fitila kan ƙara haske da ƙwan wat 55 ɗin nan na asali, batir ya daɗe, altaneta ta huta. Idan an yi ba daidai ba, mafi sauƙin sakamako shi ne yawon gareji, mafi muni gobara, kuma motar haya a yankin nan sau da yawa tana tafe da galan ɗin fetur a but. Dokar hanya ta wajabta ajiye abin kashe gobara a mota, jami'an hukumar kiyaye haɗurra kuma suna tambayarsa, amma babu mai buɗe akwatin fiyus a shingen bincike. Ga kuma halin tsaro: mutuwar mota bayan magariba a hanyar Maradun ko tsakanin Mafara da Gusau ya wuce maganar ɓata lokaci.

Akwai gurbin da hukumomi za su cike. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau tana nan a Talata Mafara. Gajeren horo ga yaran gareji kan karanta taswirar wayarin da amfani da mita, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar makanikai ta NATA da ta direbobi ta NURTW, zai rage motocin da ake zare wa wayarin ba dalili, da waɗanda ake bari har su kama da wuta. Kamfanonin waya na cikin gida, irin su NOCACO a Kaduna da Cutix a Nnewi, sun nuna cewa jan ƙarfe na gaske ba sai daga waje ba.

Shi kuwa mai mota, kafin ya amince a zare masa wayarin, ya nemi a auna a gabansa, a kuma buɗe damin ya ga robar da idonsa. Idan sauyawar ta tabbata, ya je sayen wayar da kansa ya kankare silin, ya ce a yi masa launi daban-daban, ya ƙirga fiyus ɗin da aka sa. Ranar karɓar mota kuma kada ya cika kuɗin aiki sai an ba shi takardar da ta nuna wace waya ce ta tafi ina.